Shekarau Direba da Tafkin Makiyayan Daji

Duk mai cewa naman daji ba shi da mai shi, ya gyara zama ya ji abin da ya sami Shekarau direba.

Shekara ashirin da biyu Shekarau ya yi yana jan motar masu yawon kallon namun daji, irin mai buɗaɗɗen saman nan da baƙi ke miƙewa tsaye a ciki suna ɗaukar hoto. Ya shiga gandun dajin ƙasarmu, ya tsallaka Kamaru, ya leƙa Cadi, ya kai har dazukan da waya ba ta kamawa. In ya zauna a majalisa ya fara zuba, sai ka rantse a hannunsa zaki ke cin abinci. Ya iya aikinsa kam, ban hana shi ba, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa da son a sani.

Matarsa Uwani kuwa a jikin kalanda kaɗai ta taɓa ganin giwa. Mace ce marar yawan magana. Gidan nasu kullum cike yake, ga surukarta, ga 'ya'ya, ga dangin miji masu zuwa kwana biyu su yi wata. Ita ke raba tuwo, abin da ya rage a gindin tukunya shi ne nata. Kowace shekara Shekarau sai ya ce mata baɗi zai kai ta ta ga giwa, baɗi kuwa ba ta taɓa zama bana ba. Da suka aurar da autarsu, gida ya yi shiru, sai wata safiya ta aje masa koko ta ce, "Malam, Turawa sun ga giwa a motarka, Larabawa sun gani. Ni da nake wanke kayan da kake zuwa da su ban gani ba."

Kunya ta kama shi. Kafin sati ya zagayo ya nemi hutu a wurin aikinsa, ya aro motar, ya ɗauko Baba Nomau. Shi Baba Nomau tsohon maharbi ne da ya rataye baka ya koma bin sawu, shi ke nuna wa direbobi inda dabbobi suka nufa. Su uku suka kama hanya a ƙarshen rani.

Kwana tara suna tafe, gandu uku suka ratsa. Sun ga ɓauna, sun ga gwanki, sun ga raƙumin dawa yana cin ganye daga ƙololuwar itace, har sun ga zaki kwance yana hamma bai ko dube su ba. Giwa dai sai kashinta da itatuwan da ta kakkarya. Uwani ba ta yi ƙorafi ba. In an tsaya shan ruwa takan miƙa wa Baba Nomau moɗa, ta miƙa wa mijinta, sannan ta kurɓi ragowar ta ce ai abin da ta gani ma ya isa. Wannan haƙurin nata shi ya fi ci wa Shekarau rai, don ya riga ya cika baki tun daga gida.

Baba Nomau ya ce saura wuri guda, Dajin Sambarga, can ƙuryar da ma'aikatan gandu ma ba su cika zuwa ba. In rani ya yi tsanani duk ruwan dajin yakan ƙafe sai ɗan tafki ɗaya, kowace dabba nan take zuwa. Amma ya ja wa Shekarau kunne da dokar da maharba suka gada: a bakin irin wannan tafki ana kashe mota, a yi sallama, a zauna. Ɗan Adam ba ya taɓa ruwan sai mafi ƙanƙantar dabba ta sha ta juya. Shekarau ya ce ai shi ba baƙon daji ba ne.

Da hantsi suka isa, motar na huci, lagireto ya tafasa har tururi na fita ta ƙarƙashin boneti. Tafkin bai fi faɗin tsakar gida ba. Baba Nomau ya sauka ya ga sabon sawun giwa, ya ce su jira shi, ya bi shi a ƙafa. Can a bakin itatuwa kuwa dabbobi sun fara taruwa, barewa a gaba da 'ya'yansu, suna kaɗa kunne suna duban ruwa.

Shekarau ya duba agogo, ya duba motar. Ruwan shansu jarka ɗaya ya rage, bai so ya ba mota. Sai ya jawo tsohuwar jarkar da yake zuba man gas a ciki, ya nufi tafki. Uwani ta tuna masa abin da Baba ya ce. Ya amsa mata da cewa motar ta fi su ƙishirwa, kuma kafin barewa ta gama shawara shi ya gama ɗiba. Ya tsoma jarka, ta yi ɓulɓul ta cika, ragowar man da ke cikinta ya bazu a kan ruwan yana walƙiya.

Barewa suka matso, suka sunsuna, suka ja da baya. Gwanki suka zo suka juya. Ɓauna ta hura hanci ta koma. Shekarau yana can kansa a cikin boneti yana ɗura ruwa, bai ga ko ɗaya ba. Da ya rufe ya juyo zai yi wa Uwani dariyar tsoronta, sai ya ga kujerarta babu kowa, takalmanta ne kawai a ƙasa, a jere.

Ya kira, ya zagaya mota, ya leƙa ƙarƙashinta kamar wanda ya yar da makulli. Yana cikin haka Baba Nomau ya dawo. Tsohon ya dubi ruwan, ya dubi jarkar. Ya sunkuya ya bi sawun Uwani daga ƙofar mota. Taku bakwai sawun mutum ne, na takwas kofaton barewa.

Ya ce, "Shekarau, makiyayan daji sun kora matarka cikin garkensu. Kowace dabba da kake gani tana da aljanin da ke kiwonta. Da yamma sukan shayar da garke a garinsu, duk wadda ta sha a kwamin ruwansu kuwa ta zama tasu har abada. Ka riske ta kafin rana ta faɗi."

Duk cika bakin nan na Shekarau ya bi iska. Suka bi sawun har gindin wani suri mai tsayin soro, nan ya ɓace. Baba Nomau ya doki surin da sandarsa sau uku, ya yi sallama irin ta maharba, sai surin ya tsage biyu, hanya ta bayyana a ciki. Ya ce shi ba zai shiga ba, wanda ya ɓata ruwa shi ake nema. Shi zai koma ya tsame man da audugar rimi. Bai san hanyar ba, kakansa ne ya taɓa shiga, kuma abu ɗaya ya bar musu: a can ba a riga kowa.

Shekarau ya yi bismilla ya kutsa. Ya fito a wata ƙasa mai jan sararin sama, ciyawarta ta fi giginya tsawo. Sawun dabbobi na tafiya a ƙasa su kaɗai ba gangar jiki, suna wuce shi ta dama da hagu. Hanya ta tsuke ta zama siririn tudu, rami a dama, rami a hagu, ba a ganin ƙarshensu. A tsakiyar tudun kuwa ga wani kunkuru yana tafe, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya huta kafin ya ɗaga ta biyu.

Ku dubi wannan jarabawa ga direban da bai taɓa bin bayan mota minti biyu bai danna oda ba. Taku ɗaya zai tsallake kunkurun. Har ya ɗaga ƙafa, sai idonsa ya kai kan wasu kututture a gefen hanya, kowanne da siffar mutum, kowanne da ƙafa ɗaya a sama. Ya mayar da tasa ƙasa a hankali. Haka ya bi bayan kunkuru yana cizon leɓe, rana na hawa, gumi na zuba, zuciyarsa na can wurin Uwani.

A ƙarshen tudun kunkuru ya miƙe tsaye, ya zama wani gajeren tsoho mai ƙoƙon baya, gemunsa na jan ƙasa. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mutum ɗari da goma suka biyo ni a tudun nan, kai ne na uku da ya iso ƙarshensa. Me ya hana ka tsallake ni?"

Shekarau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tsallaken da na yi da safe shi ya kawo ni nan. Ban ga dalilin ƙarawa ba."

Tsohon ya yi murmushi, ya nuna masa gabas da gemu, ya koma cikin ƙoƙonsa.

Daga nan abin ya zo masa bi da bi. Ya iske kogin da rairayi ke gudu a cikinsa maimakon ruwa, dorina ce kwalekwale, ya tsaya sai da ayarin tururuwa ya gama hawa kafin ya sa ƙafa. Ya ratsa kurmin da itatuwa ke tafiya da jijiyoyinsu suna neman inuwar juna. Ya wuce wani dutse da birai ke zaman shari'a a kai, alƙalinsu da rawani, suka bi shi da harara, ya gaishe su ya wuce. Duk wannan tafiya ko ɗigon ruwa bai shiga bakinsa ba, harshensa ya manne da dasashi.

Rana ta karkata lokacin da ya kai wani fili fari fat na gishiri. A tsakiyarsa ga wata aljana tsaye, fuskarta ta mace, ƙafafunta na jimina, tana riƙe da ƙwarya cike da ruwa mai sanyi har raɓa na tsattsafowa a bayanta. Ta miƙo masa ta ce, "Barka da isowa, baƙon Uwar Garke. Ga ruwan maraba, ba a shiga garinmu da busasshen baki."

Ya karɓa. Har ya kai baki, sai ya ji wani ɗan numfashi a kusa da ƙafarsa. Wata bushiya ce kwance a kan gishiri, harshe waje. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi jim, don shi ma ɗan Adam ne. Sannan ya aje ƙwaryar a gabanta. Bushiyar nan da ba ta fi dunƙulen hannu ba ta shanye ruwan tas, ta lashe gindin ƙwarya. Aljanar ta ja gefe, sai ga ƙofar gari a inda take tsaye.

Ganuwar garin da ƙahoni aka gina ta, waɗanda dabbobi suka zubar tun farkon duniya. A ciki makiyaya ne dogaye, fuska a rufe, kowa da sanda a kafaɗa. Wani na kora zakuna kamar awaki, wani na tatsar ɓauna, wata na cire wa damisa ƙaya. Ba wanda ya tare shi. Suka dai buɗe masa hanya har zuwa wani dandali inda Uwar Garke ke zaune a kan bayan wani tsohon kada, farin gashinta ya sauka har ƙasa, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki.

Ta ce, "Kai ne wanda ya riga jinjirin barewa zuwa ruwa?"

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe. Amma ban sha ba, mota na ba."

"Motar taka tana da uwar da za ta yi kukanta in ta mutu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce babu.

Ta ce, "Garke bakwai suka koma da ƙishirwa saboda kai. Barewa ɗaya ta faɗi a hanya ba ta tashi ba, muka ɗauki matarka ta cike gurbinta. Da ka tsallake mai ƙoƙo, ko ka riga bushiya, da ba mu yi magana da kai ba. Tunda ka iso, ga abin da za a yi. Yanzu za a sako barewa dubu zuwa kwami. Ka nuna taka kafin ta sa baki. Nuni ɗaya gare ka. In ka kuskure, ita ta zauna, kai kuma ka shiga garken gadu."

Aka buga ƙaho, aka buɗe shinge. Barewa suka fito dandali, dukansu launi ɗaya, tsayi ɗaya, ido ɗaya. Shekarau da ke bambanta sawun gwanki da na kanki daga cikin mota tana gudu, yau ya tsaya yana rarraba ido. Ya nemi alamar lalle a kofato, babu. Ya kira sunanta, duka dubun suka ɗago kai tare. Ya so ya tuna yadda take tafiya, yadda take juya wuya, sai ya tarar bai taɓa lura ba. Shekara ashirin da bakwai suna tare, ya fi sanin halin ɓauna a kan nata. Wannan ya fi ƙishirwar yi masa ciwo.

Makiyaya suka tuttula ruwa a kwami. Garken ya ruga, ana ture juna, ana hawa bayan juna, ƙura ta tashi. Rana ta taɓa kan ganuwa. Shekarau ya ji hawaye na bin kuncinsa, ya tabbata ya rasa ta.

Da ƙurar ta ɗan lafa, sai ya hango wata barewa can baya ita kaɗai. Haƙarƙarinta na sama da ƙasa don ƙishirwa, amma ba ta matsa ba. Wani ɗan jinjiri mai ɗingishi ya kasa kutsawa, ta sa goshi ta tura shi gaba, ta buɗa masa wuri, ta koma ta tsaya. Wani ya zo, ta sake yin haka. Nan take Shekarau ya ga gindin tukunyar gidansa, ya ga moɗar da ake miƙo masa kullum kafin a kurɓi ragowa.

Ya miƙa hannu ya ce, "Ga ta can, ranki ya daɗe. Waccan ta ƙarshe."

Uwar Garke ta tambaye shi da me ya gane ta. Ya ce da abin da yake kallo kullum a gidansa bai taɓa gani ba sai yau.

Ta ce, "Dokar da ka karya a tafkinmu rana ɗaya, ita ta riƙe ta a gidanka shekara da shekaru ba wanda ya sa ta. Da mai gaggawa ce irinka, da ta sha tun kafin ka buɗe baki. Ɗauki matarka. Ruwan shan da ka yi rowarsa kuwa, ka juye shi a tafkin, ka rage moɗa ɗaya."

Ta kaɗa gashinta, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya suka rufe masa ido. Da ya buɗe, ga shi a gindin suri, ga Uwani tsaye kusa da shi ba takalmi, tana gyara ɗaurin kallabi. Ya kama hannunta ya riƙe, yana hamdala a ransa. Ita kuwa ta zare hannun don kunyar Baba Nomau da ke tahowa.

Tsohon ya wuni yana shimfiɗa audugar rimi a kan ruwa yana kwashewa, har man ya tafi. Da suka isa bakin tafki, Shekarau ya ɗauko jarkar ruwan shansu, ya cika moɗa ɗaya ya aje, ya juye sauran a tafki. Suka koma mota, suka yi sallama, suka zauna. Barewa suka dawo suka sha, gwanki suka sha, ɓauna ta sha, har wata 'yar bushiya ta gangaro ta sha ta dube su ta wuce.

Baba Nomau ya tambayi Uwani abin da ta gani a can. Ta ce ita ba ta riƙe komai ba sai ƙishirwa da cunkoso. Ya ce to me ya hana ta sha. Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara, ta ce, "Baba, ƙanana na gani a gabana. Ta yaya zan sa baki?"

Shekarau ya kau da kai yana share ido da hularsa.

Suna nan sai ƙasa ta fara motsi a hankali. Itatuwa suka buɗe, giwaye suka fito, goma sha ɗaya, uwar garke a gaba, wani jariri na tuntuɓe da hancinsa a tsakiya. Uwani ta miƙe tsaye a cikin mota ta dafa ƙarfe, bakinta a buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe mai kalanda ya rage musu girma. Giwayen suka sha, babbar ta koma kan busasshen rafin da ke gefe ta tona rairayi da ƙafa har ruwa mai kyau ya tsattsafo, suka juya suka tafi. Baba Nomau ya ce wannan ramin giwa ta tona musu ne, yanzu layi ya zo kan ɗan Adam, kuma a wanke jarka tukuna.

Kafin su sauka Shekarau ya ɗauko moɗar nan ya miƙa wa Uwani. Ta karɓa ta juya za ta ba Baba Nomau, tsohon ya mayar da hannuwansa baya. Ta miƙo wa mijinta, shi da leɓensa ya tsattsage, ya girgiza kai.

Ya ce, "Sha, Uwani. Mu ma jira."

Ta dube shi, ta dubi ruwan, kamar ba ta san ta inda ake farawa ba. Sannan ta kafa kai ta sha.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, kuma daga bakin Baba Nomau na ji, mutumin da ban taɓa kama shi da ƙari ba. Shekarau yana nan yana jan motarsa, sai dai baƙi na ƙorafin ya cika daɗewa a bakin tafki. A gidansa kuwa in an sauke tukunya, ba ya wanke hannu sai ya ga an zuba na Uwani. 'Yan majalisa sun sa masa mijin-ta-ce, shi ko ko a jikinsa.